Tambayoyinku kan lissafi: sun haddace doka, amma 47 ta zama 57

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malama ce, aji huɗu nake koyarwa a firamare. Makon jiya muka shiga darasin dunƙule lamba zuwa goma mafi kusa. Na rubuta musu doka a allo: a duba lambar ƙarshe, in biyar ce ko ta haura a ƙara ɗaya, in ba ta kai biyar ba a sauka. Suka yi ta maimaitawa har ta zauna, ko daga barci aka tashe su za su karanto ta. Amma da na karɓi littattafai na fara dubawa sai raina ya ɓaci. Wasu sun mayar da 47 ta zama 57, wasu 48. Da yawa sun ce 43 ta koma 30. Yaron da ke zuwa na ɗaya kuwa, da na ba shi 396, sai ya rubuta 3100. Don Allah ina matsalar take?
Malamar aji huɗu

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Ajiye jan biron tukuna ki sake kallon amsoshin nan, domin babu yaro ko ɗaya a cikinsu da ya saɓa miki. Kin ce a ƙara ɗaya. Mai 57 ya ƙara ɗaya a kan 4, ya bar 7 inda ya same ta, don ba a ce masa ya taɓa ta ba. Mai 48 ya ɗora ɗayan a kan 7, lambar da aka ce ya duba. Masu 30 sun ji an ce a sauka, suka ce to, in hawa ƙara ɗaya ne, ai sauka rage ɗaya ce. Shi kuma gwanin naki ya ƙara ɗaya a kan 9 ya samu 10, ya dasa ta tsakanin 3 da 0, sai ga 3100. Duk biyayya suka yi. Abin da suka rasa shi ne sanin inda lambar take zaune a cikin 'yan'uwanta, shi ya sa babu wanda gabansa ya faɗi da ya ga 396 ta rikiɗe ta zama dubu uku da ɗari ɗaya.

Dunƙule lamba tambaya ɗaya ce tak: lambar nan, da wa ta fi kusa? Yaron da ya iya amsa wannan zai iya darasin ko bai taɓa jin dokar biyar ba. Wanda kuma bai iya ba, dokar sai dai ta ba shi sababbin hanyoyin faɗuwa. Don haka ki goge ta daga allo, mu ajiye ta sai ƙarshe.

Ga yadda nake yi. Nakan ɗauki alli in ja dogon layi a daɓen aji, in yi masa zane goma sha ɗaya, taku ɗaya tsakanin kowane biyu, in rubuta 40 a wannan bakin, 50 a wancan. Sauran zanen ban rubuta musu komai. Sai in kira yarinya ɗaya in ce, "Je ki tsaya a 47." Tun a nan ki sa ido. Wata za ta fara daga 40 tana ƙirga taku da baki har bakwai. Wata kuwa za ta wuce kai tsaye zuwa 50 ta yo baya taku uku, ta tsaya tana gyara ɗankwali. Wannan ta biyun ta riga ta gama darasin, ita ce dai ba ta sani ba. Daga nan sai in ce wa aji: 40 gida ne, 50 ma gida ne, ga ruwa ya tsuge, ina za ta ruga? Za ki ji an haɗa baki, "Hamsin!" Taku nawa? "Uku!" In kuma 40 ta nufa fa? Sai an ɗan yi shiru ana ƙirge da ido, sannan wani ya ce bakwai. Ki tsayar da wani a 43 ki yi masa tambayar. Ba sai kin ce komai ba, zai yi tsalle uku ya dira a 40. A nan ki tambayi masu 30 ɗin nan naki su nuna miki inda 30 take. Za su ga sai an wuce 40, an ƙara taku goma, ƙila ma an fita ta ƙofa. Gani ya kori ji.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. A kan layin nan ke ce kika ba su gidajen biyu. Ranar jarrabawa babu mai ba su. Saboda haka aikin da ya fi cin lokaci, kuma wanda malamai suka fi tsallakewa, shi ne yaro ya gano da kansa gomomin da suka sa lambarsa a tsakiya. Ki ba wannan darasi guda cur, kada a dunƙule komai a ranar. Ki kira lamba, su faɗi goman da ke bayanta da wanda ke gabanta. 62, tsakanin 60 da 70. 18, tsakanin 10 da 20. Waɗannan ba wuya. Sannan ki jefo 103, ki ga wanda zai ce 100 da 110, da wanda zai ce 100 da 200. Ki jefo 396. Nan ne za ki gane cewa yara da yawa ba su iya ƙirga goma-goma su haye ɗari ba: 370, 380, 390, sai baki ya ɗauke, ko ki ji wani ya ce "ɗari uku da ɗari". Ciwon gwaninki ke nan, kuma maganinsa ƙirge ne. Ku yi ta ƙirga goma-goma da baki kowace safiya na ɗan lokaci, gaba da baya, kuna farawa daga wurare masu wuya kamar 270 ko 960. In ya san bayan 390 sai 400, to 396 ba ta da wurin zuwa sai ɗaya daga cikin biyun nan, kuma taku huɗu ya fi taku shida sauƙi.

Akwai wata lamba da za ta jawo miki gardama, ki shirya mata: 4. Goma mafi kusa da ita sifiri ne, amma yara ba sa yarda. Za su ce miki 10, domin a ganinsu sifiri ba amsa ba ce. Ki ja layi daga 0 zuwa 10, ki tsayar da mai gardamar a 4, ya ƙirga da ƙafarsa.

Bayan kwana biyu ko uku a daɓe, ku koma takarda, amma da layi marar zane. Alama uku kawai yaro zai yi: gidan baya, gidan gaba, da tsakiya. Ga 74, zai rubuta 70, 75, 80, ya ɗiga 74 gab da tsakiya ta ɓangaren 70. Amfanin wannan layi shi ne ba ya sauyawa in an tafi ɗaruruwa da dubbai. Ga 348 zuwa ɗari mafi kusa: 300, 350, 400. Ba ta kai tsakiya ba, sai 300. Ina son in ba su lamba ɗaya su dunƙule ta hanya biyu a shafi ɗaya, wato 348 zuwa goma ta zama 350, zuwa ɗari ta zama 300. Yaran da suka ɗauka kowace lamba amsa ɗaya gare ta sukan ɗan rikice, kuma rikicewa ce mai amfani, domin daga ranar suke fara karanta tambaya har ƙarshe.

Ki kuma daina cewa "a sauka". Ki ce 43 ta koma 40, 47 ta ƙarasa 50. Sunan gidan ake kira.

Sai a zo kan doka. Ki raba allo biyu, su rubuta lambobin da suka koma 40 a hagu, waɗanda suka ƙarasa 50 a dama. Ku maimaita da 70 zuwa 80, da 120 zuwa 130. Sannan ki tambaye su me suka lura da shi. Ba za a daɗe ba wani zai ɗaga hannu ya ce duk na hagu da 1, 2, 3, 4 suke ƙarewa. Dokar da kika rubuta makon jiya ce ta dawo, amma yanzu daga bakinsu ta fito, kuma sun san abin da ke ƙarƙashinta. Masu son a sa ta a waƙa, ban hana ba, a wannan gaɓar.

In kina son sanin wanda ya gane da wanda ke bin ayari, ki juya tambayar. Ki ce, "Na dunƙule wata lamba zuwa goma mafi kusa, ta zama 70. Wace lamba ce?" Mai hadda zai yi zuru, don babu lambar ƙarshe da zai duba. Wanda ya gane zai ce 68, wani ya ce 72, ki ce duk daidai, ku nemo su duka. Goma ne, daga 65 zuwa 74. Ga masu saurin fahimta ki ce lambar ta zama 300 a ɗari mafi kusa, wace ce mafi ƙanƙanta da za ta iya zama, wace ce mafi girma? Amsar 250 da 349. Wanda ya kawo 349 da kansa, ki bar shi ya taya ki koyar da na kusa da shi.

Tambaya: Malam, ɗana mai shekara tara ya ƙure ni. Ya ce 45 tana tsakiya daidai, taku biyar gaba, taku biyar baya, to wa ya ce lallai 50 za ta? Na ce masa haka aka koya mana. Ya ce wannan ba dalili ba ne. Abin da ya ƙara ɗaure min kai, ina ɗan koyon rubuta manhajar kwamfuta, na sa Python, harshen da nake rubuta manhajar da shi, ta dunƙule 25 zuwa goma sai ta ba ni 20, alhali Excel, manhajar lissafi, ya ba ni 30. Wanne ne gaskiya?
Wani uba

Amsa: Malam, ka gaishe min da yaron nan, kuma ka faɗa masa yana da gaskiya: 45 ba ta fi kusa da kowa ba. Tura ta 50 yarjejeniya ce, don kada ni in ce 40 kai ka ce 50 mu ɓata lissafin juna. Kada a ɓoye wa yaro wannan. Sanin cewa wasu abubuwa a lissafi hujja ce ta tilasta su, wasu kuma shawara aka yi aka tsayar, shi ma ilimi ne.

Sai dai yarjejeniyar tana da dalili mai kyau, kuma a manyan lambobi yake fitowa. Ɗauki 451 zuwa ɗari mafi kusa. Lambar da ke gurbin gomomi 5 ce, kuma 451 ta wuce tsakiya, 500 za ta. Haka 452, haka 459. A cikin lambobi goma daga 450 zuwa 459, tara sun riga sun fi kusa da 500, ɗaya ce kawai, 450, ke tsaye a tsakiya. In muka ce ita ma ta bi su, sai doka ta yi sauƙi: duk inda ka ga 5 a gurbin da ake dubawa, gaba za a, ba sai ka leƙa abin da ke bayanta ba. Da baya muka tura ta, da kullum sai an duba gurbi biyu ko fiye.

Akwai wani bayani da za ka ji a bakin malamai, cewa 0 zuwa 4 lambobi biyar ne, 5 zuwa 9 ma biyar, don haka an yi rabon adalci. Ni ba na son sa, kuma yaro irin naka zai huda shi. Ai 40 ba ta motsa ba. Masu komawa baya huɗu ne, 41 zuwa 44, masu ƙarasawa gaba biyar, 45 zuwa 49. Ashe akwai ɗan rinjaye zuwa sama. Ku gwada tare: 15, 25, 35 da 45 in an tara su 120 ne. In kowacce ta yi gaba, 20, 30, 40, 50, jimla ta zama 140. An samu ƙarin 20 daga babu.

Wannan rinjayen ne ya sa masu aiki da tarin alƙaluma suke da wata yarjejeniyar: lambar da ta tsaya a tsakiya daidai, a kai ta goman da adadin gomominsa ke rabuwa biyu ba saura, wato 20, 40, 60, 80. Sai 15 ta zama 20, 25 ma ta zama 20, 35 da 45 duk su zama 40. Tara su ka gani, 120 cif. Rabi sun hau, rabi sun koma, kuskuren ya cinye kansa. Irin wannan tsari ne ƙa'idar IEEE 754, wadda aka fitar a 1985, ta ɗauka a matsayin na asali wajen lissafin kwamfuta, kuma shi Python ke bi, shi ya sa ta ba ka 20. Excel kuwa dokar makaranta yake bi. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Shi dai yaro a aji da jarrabawa 45 ta tafi 50, ka tabbatar ya riƙe wannan, sauran kuma hirarku ce ta gida.

Tambaya: Malam, musu ya kaure a ɗakin malamai. An ce a dunƙule 1,449 zuwa ɗari mafi kusa. Abokin aikina, wanda ya girme ni a aikin, ya ce daga ƙarshe ake farawa: 9 ta mayar da 4 ta zama 5, lambar ta zama 1,450, daga nan ta zama 1,500. Ni na ce 1,400. A raba mu.
Malamin aji biyar

Amsa: Malam, kai ne da gaskiya, amma ka faɗa masa cikin ladabi, a gefe, ba a gaban yara ba. Ku ja layin tare: 1,400 a hagu, 1,500 a dama. Daga 1,449 zuwa 1,400 taku 49 ne, zuwa 1,500 taku 51. Magana ta ƙare. Lambar asali ake dunƙulewa, sau ɗaya. Wanda ya bi mataki-mataki yana tura lambar gaba da hannunsa, har ta haye tsakiyar da ita ba ta kai ba.

Misalin da nake so a nan tsaunin Everest ne. A Disambar 2020 Nepal da Chaina suka sanar da tsawonsa mita 8,848.86, wanda a cikakkiyar lamba ake rubutawa 8,849. Ka ba yara ita su dunƙule hawa uku. Zuwa goma, 8,850. Zuwa ɗari, 8,800. Zuwa dubu, 9,000. Ta hau, ta koma, ta sake hawa, kuma tarkon yana a ta biyu: duk wanda ya ɗora a kan 8,850 da ya samu a sama zai rubuta 8,900. A kowane aji sai ka kama mutum biyar ko shida, wani lokaci har da malamin. Tunda mun taɓo tsaunin nan, a 1856 aka fara buga tsawonsa, ƙafa 29,002. Labarin da ya shahara shi ne lissafin masu awon ya ba da 29,000 cif, sai aka ƙara ƙafa biyu don kada mutane su zaci kintace aka yi. Yara suna jin daɗin labarin, kuma yana nuna musu cewa jerin sifirai a ƙarshen lamba kan sa mai karatu ya ɗauka an dunƙule ta.

In kana neman lambar da za ta gwada su a kan 9 kuma, ga gudun haske: kilomita 299,792 a daƙiƙa ɗaya. Zuwa dubu mafi kusa, tsakanin 299,000 da 300,000 take, kuma ta wuce 299,500. Amsa 300,000. Mai bin doka da ka zai sha wuya da taran nan biyu a jere, mai neman gidaje biyu kuwa ba zai ko lura da su ba.

Tambaya: Malam, 'yata ta ce ita ba ta ga amfanin darasin nan ba. Kullum ana ce musu a lissafi amsa daidai ake so, yanzu kuma an ce su ɓata lamba da gangan. Na rasa abin ce mata.
Uwar yara

Amsa: Hajiya, ƙorafinta na kan hanya, domin sau da yawa ana koyar da darasin a rufe littafi ba a taɓa amfani da shi ba. Ki fara da abin da zai cece ta gobe a aji. Ki ba ta 487 a tara da 316, amma kafin ta taɓa fensir ta faɗa miki wajen nawa amsar za ta kai. 500 da 300, wajen 800. Sannan ta yi lissafin, ta samu 803. Yaran da ba su iya ɗaukar goma zuwa gurbi na gaba ba sukan rubuta 7913 a wannan tambaya: 7 da 6 sha uku, 8 da 1 tara, 4 da 3 bakwai, a jera. Wadda ta riga ta ce wajen 800 ba za ta miƙa wa malami dubu bakwai da ɗoriya ba, da kanta za ta koma ta duba. Haka a ninkawa: 38 sau 21 kusan 40 sau 20 ne, 800, amsar gaskiya kuma 798.

Sannan ki nuna mata cewa manyan lambobin da take ji a labarai dunƙulallu ne. Da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mutanen duniya sun kai biliyan 8 a ranar 15 ga Nuwambar 2022, ba wanda ya bi gida-gida ya ƙirga a ranar, kuma kafin mai karanta labarai ya rufe baki an haifi wasu, wasu sun rasu. Nisan wata daga duniya a matsakaici kilomita 384,400 ne, ita ma dunƙulalliya ce, don nisan kullum sauyawa yake. A irin waɗannan wurare, wanda ya kawo lamba har gurbin ɗai-ɗai ya nuna sanin da ba shi da shi.

Ki kuma faɗa mata inda ba a yi. Lambar waya ba a dunƙule ta, haka shekarar haihuwa. Wani wurin kuma mafi kusa ba ita ce amsa ba: in ɗalibai 92 za su zauna jarrabawa aka ce wajen 90 ne, aka jera kujeru 90, biyu a tsaye za su rubuta. Ki tambaye ta kujeru nawa za ta sa a kawo in goma-goma ake ɗauko su daga sito, ki bar ta ta yi tunani har ta kai ga 100.

Tambaya: Malam, daga wane aji ya kamata a fara?
Mai makarantar firamare

Amsa: Ranka ya daɗe, a manhajar Ingila ɗan aji huɗu ake so ya dunƙule lamba zuwa 10, 100 da 1,000 mafi kusa. A jihohin Amurka masu bin tsarin Common Core, aji uku ke fara 10 da 100, aji huɗu su tafi kowane gurbi. Duka biyun farawar tana faɗawa wajen shekara 8 zuwa 9. Ni dai kafin in duba aji, abu biyu nake gwadawa: yaro ya ƙirga goma-goma daga 280 zuwa 320 ba tare da ya tsaya ba, kuma in na nuna masa 6 a cikin 364 ya ce min sittin ce. In ajin ya kasa waɗannan, a ɗage darasin mako biyu a gyara su tukuna. 'Yan aji biyu kuma ana iya fara musu wasan layin daɓe daga 0 zuwa 20, ba tare da an kira sunan darasin ko an rubuta komai a littafi ba.